Luba Mai Murfi

A unguwar Limawa ta Dutse, in ka ce kana neman Luba, sai a tambaye ka wacce daga ciki, don akwai mai ƙosai, akwai matar ladan, akwai wata da ba a san ta da sana'a ba sai kai magana. Amma in ka ce Mai Murfi, kowa zai nuna maka ƙofar. Kakata ce ta wajen uwa, kuma tunda jika ba ta rufa wa kaka asiri, zan faɗi halinta yadda yake. Gajeriya ce, mai babbar murya, mai kyauta da komai in ban da tangaran. Za ta juye maka tuwon da ke gabanta ta kwana da yunwa, amma taɓa mata faranti da hannun miya ka sha mamakin abin da ke bakin tsohuwa.

Sana'arta dillanci. Tana shiga gida-gida da kayan da matan aure suka gaji da su, zani ne, murjani ne, tasa ce, ta sayar ta kawo musu. Sai dai duk matar da ta ba ta tangaran ta san inda zai kwana. Luba za ta ɗan zagaya da shi don kunya, ta dawo ta ce kasuwa ta ƙi, sannan ta saye da kanta. Ba ta taɓa tauye wa kowa haƙƙi ba, wannan kam an shaide ta, amma kuma ba ta taɓa barin kwanon tangaran ya wuce ta ba.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Kano ba. Mutanen Dutse a akushi da ƙwarya suke ci, matar da ta ji daɗi ta jera tasoshi, tangaran kuwa sai gidan sarauta ko na babban falke. Duk da haka ɗan ɗakin Luba mai rufin jinka ya tara abin da matar hakimi ba ta da shi. Kada ka ɗauka kaya ne na gani na faɗa. Yawancinsu masu giɓi ne, da masu tsaga, da kofi marar hannu, da farantin da ya rabu da 'yan'uwansa. Marayu take ce musu. Kuma duk wannan tarin, murfi guda ne ya jawo shi.

Murfin na kwanon mahaifiyarta ne, Inna Safara'u. Kwano ne fari mai zurfi, a cikinsa an zana wani shuɗin tsuntsu mai dogon wuya tsaye da ƙafa ɗaya, ga ɗan giɓi a bakinsa wanda Luba da kanta ta yi masa da ludayi tana ƙarama. Inna ta gaje shi wajen tata uwar, ita kuma an ce wajen wani Balaraben Tarabulus aka samo mata shi a Kano, tun ana fatauci da raƙuma. Ba a cin abinci a ciki. Ranar salla ake sauko da shi a wanke a mayar.

Sai shekarar Kakalaba ta zo, yunwar nan da tsofaffi ba sa son a tuna musu. Damina ta ƙi, rumbuna suka ƙone ƙurmus ba wuta, mutanen arewa suka riƙa ratsa Dutse suna yin kudu, wasu da jakuna, wasu a ƙasa, wasu ba sa kaiwa gari na gaba. Luba a lokacin budurwa ce, mahaifinsu ya rasu, yayanta Lado ke riƙe da gidan. Wata rana da la'asar wasu Fulani suka sauka a gindin dabinon ƙofar gidansu, dattijo da saurayi da wata mata mai goyo. Shanunsu sun ƙare a hanya. Jaririyar ko kuka ba ta yi, kuma abin da ya tayar wa Inna hankali ke nan.

Akwai ɗan gero a ƙasan tukunya wanda Lado ya ce a riƙa lallaɓa shi. Inna ta daka shi, ta dama kunu, ta miƙa hannu ta sauko da tangaran.

Luba ta ce, "Inna, ga ƙoƙo nan kusa da ke."

Inna ta ce, "Yunwa ta riga ta wulaƙanta ta, ni ba zan ƙara mata ba. Riƙe min murfin, kunun ya sha iska."

Luba ta riƙe murfi, Inna ta fita da kwano. Da gari ya waye, babu baƙi, babu kwano.

Lado ya bi hanyar Birnin Kudu har rana ta take, ya dawo ƙafa a kumbure. Ya tsaya a tsakar gida ya gaya wa uwar da ta haife shi cewa ta ɗauki abincin 'ya'yanta da gadon uwarta ta miƙa wa ɓarayi, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta suka ji. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba sata ta yi ba, na ga idonta. Wace mace ce za ta mayar da kwano wofi? Ba ta da abin da za ta saka a ciki, kunya ta hana ta. Ranar da ta samu za ta kawo."

Kowa ya san ba a mayar da kwanon maƙwabci wofi, ko 'yar gyaɗa ce sai ka jefa a ciki. Amma ba wanda ya yarda cewa matar da yunwa ta koro za ta tsaya kiyaye wannan. Unguwa ta mayar da abin zancen dariya. In aka ara wa mutum fartanya ta ƙi dawowa, sai a ce ta bi kwanon Safara'u. Inna tana ji ana faɗa. Ba ta daɗe ba bayan an sami sauƙin yunwar, ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kira Luba ta damƙa mata murfin ta ce, "Ki ajiye. In an kawo kwanon, kada ya tarar ba murfi."

Luba ta sha gaya min cewa ba rashin kwanon ne ya fi ci mata rai ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne uwarta ta tafi kabari ana ce mata wawiya, kuma ɗanta na cikinta ne ya fara faɗa. Tana so ta ga ranar da za a ce Inna ce da gaskiya, ba ta san ta inda ranar za ta ɓullo ba.

Ta yi aure a nan Limawa, ta auri Nata'ala, mai hawan dabino, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa hana ta fita ba. Da ta fara dillanci sai ta naɗe murfin a tsumma ta sa a tsakiyar ƙwaryar kayanta. Duk gidan da ta shiga ta hangi kwanon tangaran a jere, kafin a gama gaisawa ta kwance tsumma ta ɗora murfin a kai. Wani ya yi masa faɗi, wani ya yi masa kaɗan, wani ya kusa dacewa har gabanta ya faɗi. Irin waɗannan da suka kusa, tausayinsu take ji, sai ta ga ba za ta iya barinsu ba. Haka ɗakin ya fara cika. Nata'ala ya leƙo wata rana ya ce shi dai ba ya neman komai, a bar masa inda zai miƙe ƙafa.

Tun daga nan aka laƙaba mata Mai Murfi. Da farko tsokana ce, daga baya ya zama sunan sana'a, har daga Kiyawa da Jahun ake aiko mata. Tana da yadda take gwada kaya. Za ta ɗora faranti a kan yatsu uku, ta ɗalle shi da farce, ta kai kunne. Ta ce mai lafiya daɗewa yake yana magana, mai ciwo kuwa sai ya ce ƙas ya yi shiru, ko da idonka bai ga tsagar ba. Murafe marasa kwano ma tarawa take, in ta dace da wanda ya zauna a kan wani marayan kwano sai ta ce ta ɗaura aure, ta raba wa matan gida dabino. Ta ce murfi in ya sami kwanonsa na asali sallama yake yi, kwanon ya amsa, kuma wanda ya taɓa jin wannan ƙarar ba zai ruɗe da wata ba.

Ba komai ta sani ba, ko da yake ba za ta yarda ba. Akwai kukun wani Bature da ke sauka a bariki in sun zo rangadi, wanda in ya fasa wa maigidansa kwano sai ya kawo mata abin da ya yi saura, ta cika masa aljihu da dabino. Shi ya kawo mata wani ɗan dogon abu mai hannu a baya da baki a gaba kamar na agwagwa. Matan unguwa suka taru a kansa. Wata ta ce butar yara ce, wata ta ce na ɗura ne. Luba ta juya shi, ta ce fitila ce. Ta zuba man gyaɗa, ta murza auduga ta kwantar a bakin, ta kunna, ta kama sarai. Bayan shekaru ni na gaya mata cewa romon nama Turawa ke zubawa a ciki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To su ne ba su san amfaninta ba." Da wannan fitilar ta yi ta amfani har ta bar duniya.

Rayuwarta ba ta da wani babban tashin hankali bayan wannan yunwar. Ta haifi 'ya'ya, wasu suka tsaya, mahaifiyata na cikinsu. Da hantsi in ta gama shara sai ta sauko da marayunta 'yan kaɗan ta wanke da toka mai laushi, ta jera a rana a kan tabarma, ta zauna tana korar kaji tana ba su labari. Ta san inda kowanne ya fito, da matar da ta rabu da shi, da dalilin rabuwar. Ba ta faɗar dalilin ga kowa, shi ya sa mata suka yarda da ita. Da Nata'ala ya rasu ta ce ita da aure sai dai na murafe.

Ita da Lado kuwa ba su taɓa rabuwa ba. Ya zama mai jakuna, yana kai dabinon Dutse kasuwanni, duk abin da ya samo sai ya ajiye mata nata. Amma da zarar ta kwance tsumman nan a gabansa sai ya kau da kai ya ce, "Har yanzu, Luba?" Ita kuma ta ce, "Har yanzu, Yaya." Iyakar zancen ke nan, shekara da shekaru. A ganina babu wanda ya kai shi son a ce shi ne ya yi kuskure. Uwar da zai ba haƙuri ba ta nan, kuma shi ba mutum ne mai lanƙwasa harshe ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Ringim, gyaɗa ta yi daraja, mutanen can suka sami abin hannu, matansu suka shiga neman kayan jere. Aka aiko wa Luba daga gidan wani mai suna Idirisu, dillalin shanu da ke taɓa harkar gyaɗa, cewa zai aurar da ƙanwarsa Bilki, yana son a jera mata abin da ba a gani a kanti. Luba ta zaɓi waɗanda zuciyarta ta iya rabuwa da su, ta shimfiɗa musu ƙaiƙayi a cikin kwanduna. Lado dama zai kai dabino, sai ya ɗora mata a jakunansa. Duk hanya tana bayan jakin tana yi masa faɗa ya taka a hankali, da za su haye kogi a kwalekwale kuwa kwandunan ta rungume ta bar kanta ga Allah.

Suka isa Ringim da hantsi. Lado ya zauna a zaure tare da maigidan, aka shiga da Luba cikin gida. Kafin a buɗe kaya aka ce ta fara gaida tsohuwa, mahaifiyar Idirisu, wadda kowa ke kira Dada. Sunanta Hindatu. Ɗanta ya gina mata ɗakin soro sabo fil, ga ta a zaune a bakin gado, doguwa, siririya, idonta ya fara hazo. Aka gaisa, aka kawo wa baƙuwa fura da nono a ƙwarya. Luba ta sha da ludayi, ta ga ludayi na ɓata mata lokaci, ta ɗaga ƙwaryar ta kafa kai. Da ta ɗaga kai don ta shanye na ƙasan, sai idonta ya sauka a rufin ɗakin.

Magina suna da al'adar manna kwano ko faranti a tsakiyar rufin soro, inda bakunan ginin suka haɗu, don ado. A nan ma an manna. Farin kwano ne a kife, gindinsa a cikin laka, bakinsa na kallon ƙasa, ga shuɗin tsuntsu mai dogon wuya tsaye da ƙafa ɗaya. Ga giɓin ludayi.

Luba ta ajiye ƙwaryar a hankali. Mace mai babbar murya, ranar nan da ƙyar aka ji ta. Ta ce, "Dada, wancan kwanon, a ina kuka saye shi?"

Tsohuwar ta ce, "Ba saye aka yi ba, 'yar nan. Ba ma nawa ba ne. Na wata baiwar Allah ce a Dutse."

"Yaya aka yi ya zo nan?"

"Shekarar yunwa ta ba ni kunu a ciki, ina goye da Bilkin nan da za a aurar. Yarinyar ta daina kama nono, da yatsa na riƙa ɗiga mata kunun har ta buɗe ido. Da asuba maigidana ya ce mu tashi. Na tsaya a ƙofar gidan da kwanon a hannu, na duba jikina kaf, ba ni da ko ƙwayar gero da zan saka. Kwano irin wannan, in miƙa shi wofi? Na ce bari mu je gaba, in na sami ko ɗan man shanu ne in dawo. Gaban ya kai mu har ƙasar Ningi. Can na binne maigidan."

Luba ta ce, "Ba ki aiko ba?"

"Na aiko mana. Da muka dawo arewa na tura Idirisu. Ban san sunanta ba, wa ke tambayar sunan wanda ya ba shi abinci? Na ce masa gida ne a gindin dutse, da dabino a ƙofa. Ya dawo ya ce, Dada, ai duk garin haka yake."

Luba ta ce ta so ta yi dariya a nan, kuka ya riga ta. Ta jawo ƙwaryar kayanta, ta kwance tsumma, ta ɗora murfin a cinyar tsohuwar. Dada Hindatu ta shafa shi da yatsu, ta kai shi kusa da ido. Can ta ce, "Ke ce yarinyar da ke leƙe ta bayan zana." Luba ta ce ita ce. Tsohuwar ta tambayi mai kwanon, Luba ta gaya mata ta daɗe da rasuwa. Suka yi mata addu'a, su biyu, suna share hawaye da bakin mayafi.

Sai Dada ta ɗaga murya ta ce a kira Idirisu, a kira magini, a sauko wa mutane da kayansu yanzun nan. Ashe ita ce ta sa aka kai shi can. Surukai da jikoki sun dame ta da son taɓawa, shi ne da ana ginin ta ce wa magini ya ɗora mata shi inda hannu ba zai kai ba, amana ce. Matar da ta yi rayuwarta a ruga, inda ake kwance bukka da safe a ɗora wa sa a kafa ta a wani wuri da yamma, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai abin da za a ɗora a ɗaki ya ƙi saukowa ba.

Magini ya zo da tsani, ya hau ya ƙwanƙwasa gefen, ya sauko yana sosa ƙeya. Ya ce laka ta riƙe shi gam, kuma a kan mahaɗar azara yake. Zai iya sassaƙewa in an matsa masa, amma ba zai yi alkawarin kwanon zai fito da rai ba. Dada ta ce ko rufin za a rushe a rushe. Idirisu, wanda shi ne saurayin nan da suka sauka tare a gindin dabino, ya ce shi bai ƙi ba.

Luba ta ce a riƙe mata tsanin. Ta ɗaure zani tamau, ta hau, gajeriyar mace mai 'ya'ya, matan gida na ta salati a ƙasa. Da ta kai, ta ɗalli bakin kwanon da farce. Laka ta danne masa murya, amma lafiyarsa ƙalau. Ta ɗaga murfin da hannu biyu ta kai shi. Ya zauna daram, da 'yar ƙarar nan da ta yi shekaru tana nema a gidajen mutane. Ta ce murfin ya yi sallama, kwanon ya amsa, kowa a ɗakin ya ji.

Ta daɗe a haka, hannu a sama, don in ta saki faɗowa zai yi. Da kafaɗunta suka gaji ta sauko da murfinta ta ce wa magini ya ɗauke tsaninsa.

Ta ce, "A bar shi. Tunda nake ban taɓa fasa tangaran da gangan ba, ba zan fara da na Inna ba. Ya sami ɗaki mai kyau, ya fi nawa."

Dada ta ce, "To ni kuma fa? In mutu da kayan mutane a kaina?"

"Ai kin mayar, Dada. Na gani, na karɓa, na ba ki ajiya."

"Ban mayar ba. Wofi kika gan shi, a kife ma. Abin da na guje wa ke nan tun farko."

Nan fa aka tsaya, tsohuwa ta kafe, baƙuwa ta kafe. Bilki ce, amaryar, da ke tsaye a bakin ƙofa tana jin labarin kanta da ba ta taɓa ji duka ba, ta matso ta karɓi murfin daga hannun Luba ta juya shi ciki ya kalli sama. Ta ce, "Dada, wannan ma ai yana cin abu." Tsohuwar ta sa aka jawo mata ƙwaryar man shanu daga ƙarƙashin gado. Da hannunta ta riƙa ɗiba tana danna wa a cikin murfin har ya yi tozo, ta miƙa wa Luba da hannu biyu ta ce, "Ki ce mata na gode. Ki ce mata na yi jinkiri."

Luba ba ta tsaya buɗe kwanduna ba. Ta fito da murfin a tafin hannu, ta ratsa tsakar gida ta shiga zaure, inda Lado ke zaune yana jiran a sallame shi ya tafi kasuwa. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

Ya dubi murfin, ya dubi man, ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Yaya, an dawo da kwanon Inna."

Idirisu ya biyo ta, shi ya ba shi labarin tun daga gindin dabino har zuwa rufin soro, ya kuma ce in yana so a kawar da mata ya shiga ya gani da idonsa. Lado ya girgiza kai, ya ce ba sai ya gani ba. Ya sunkuyar da kai. Luba ta ce tunda ta san shi ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ba ta ji daɗin ganin ba kamar yadda ta zaci za ta ji, tausayinsa ne ya kama ta. Daga ƙarshe ya sa yatsa ya lakaci man ya kai baki, ya ce, "Allah ya jiƙan Inna. Ita ta ga idonta, ni ban gani ba."

Kayan jeren Bilki kuwa, Luba ta ƙi a yi cinikinsu, ta ce gudummawar Inna ce. Wannan ne karo ɗaya tak da aka san ta yi kyautar tangaran, kuma har ta tsufa tana ambaton wani faranti mai bakin zinariya da ta ce da ta sani ta cire shi.

Da suka koma Limawa, Luba ta yi niyyar bin gida-gida da labarin, amma Lado ya riga ta. Shi da kansa ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar ya faɗa, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. Daga ranar, in aka ce abu ya bi kwanon Safara'u, ana nufin zai dawo ko ya daɗe.

Murfin bai koma cikin tsumma ba. Duk sanda jakunan Lado za su Ringim, Luba za ta cika shi da dabino ta ɗaure da ganye, ya dawo mata da man shanu, har Dada Hindatu ta rasu, Bilki ta ci gaba. Sayen marayu kuwa ba ta daina ba. Na taɓa tsokanarta na ce tunda an ga kwanon, me kuma take nema a jeren mutane. Ta ce in matsa daga kan tabarmarta kafin in taka mata kofi.